Furen Ƙararrawa: Wanne Za Ka Saya, Wanne Za Ka Guje Wa

Furen ƙararrawa, wanda masana ke kira Campanula, ɗan ƙasashen sanyi ne. Mazauna Ingila, Jamus ko Kanada za su same shi a shagunan shuke-shuke da zarar hunturu ya wuce. Zafin Kano ko Sakkwato kuwa ba ya iya ɗauka. Ire-irensa sun haura 300, amma kaɗan ne ke yawo a kasuwa.

In kuɗinka na tukunya ɗaya ne, ɗauki Campanula carpatica, ɗan tsaunukan Kafatiya na gabashin Turai. Tsayinsa bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, ba ya neman sandar tokara, kuma inda ka dasa shi nan yake zama. Furensa shuɗi ne ko fari, baki a sama, daga Yuni har Agusta in kana tsinke waɗanda suka bushe. Nemi nau'insa mai suna Blue Clips ko White Clips. Bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin tushe da tushe, a inda rana ke samu da safe. Ƙanƙara ba ta kashe shi. Ruwan da ya kwanta a gindinsa ne ke ruɓar da saiwa. Ƙasa mai laka sai an cuɗa ta da tsakuwa da ruɓaɓɓen taki, kuma kada a binne wuyansa, wato mahaɗar kara da saiwa. Bayan shekara 2 ko 3 a tone shi a raba, in ba haka ba tsakiyar ta mutu. A yi hattara da dodon koɗi lokacin da sabon ganye ke fitowa.

Campanula medium yana da kyau, amma shekarar farko ganye ne kawai, ta biyu ya yi fure ya mutu. Campanula persicifolia dogo ne, iska na kwantar da shi. Campanula poscharskyana sai mai katangar dutse da yake so ta rufe.

Wanda za ka guje wa ko da kyauta ne shi ne Campanula rapunculoides. Furensa shunayya ne, a jere gefe ɗaya na kara, kowanne kai a ƙasa. A ƙarƙashi yana da farar saiwa mai kauri da jijiyoyi masu yaɗo. Guntun da ya saura bayan tono sai ya sake tsirowa. Lardin Albata na Kanada ya sa shi cikin jerin miyagun ciyayi. Sau da yawa ta hannun maƙwabci yake shigowa (mai yawan kyautar dashe, ka tambaye shi dalili), wani lokaci kuma a sayar da shi da sunan Adenophora, wani fure daban mai kama da shi. Duk tukunyar da ba a rubuta mata cikakken sunan Latin ba, bar ta a kanti.

Masu sayar da iri a intanet ma sai an yi hattara. Hoton fure ja wur, ko launi bakwai a kara ɗaya, aikin kwamfuta ne. Irin gaskiya ƙanana ne kamar ƙura. In aka aiko maka manyan ƙwayoyi, wani abu ne daban. Barbaɗa irin ake yi a saman damshin ƙasa ba a rufewa, domin sai da haske yake tsira, cikin mako 2 zuwa 3.

Kafin ka biya kuɗin dashe, zare shi daga tukunya ka duba: saiwa fara mai ƙarfi ka ɗauka, baƙa mai wari ka mayar.