Haɗa rediyo da kwamfuta: wanne za ka saya, wanne za ka haɗa da hannunka?

Idan kana da lasisin rediyon sha'awa (amateur radio) da lambar kira ta Najeriya mai farawa da 5N, kuma kana son shiga FT8, hanyar aika gajerun saƙonni ta rediyo da taimakon kwamfuta, a kan 14.074 MHz, dole ka samu abin da zai kai sauti tsakanin rediyo da kwamfuta, ya kuma danna PTT, wato maɓallin da ke sa rediyo ya fara aikawa. Tun da Joe Taylor da Steve Franke suka fito da FT8 a 2017, can jama'a suka koma.

SignaLink da Digirig, na'urorin haɗin da ake saye a shirye, suna aiki lafiya, amma kuɗinsu da dala ne, ga kuɗin kawowa. Jona waya kai tsaye daga ramin sautin kwamfuta kuwa, kada ma ka fara.

Ni dai haɗin gida nake so: katin sauti na USB mai araha, ƙananan taransifoma biyu na 600 ohm, ɗaya na shiga ɗaya na fita, sai 4N25, ɗan guntun da ke isar da sigina ta haske, da zai danna PTT ta layin RTS na ramin siriyal. Amfanin taransifomar shi ne ta raba layin ƙasa (ground) na rediyo da na kwamfuta. A Legas, inda yau NEPA, anjima janareta, dare ya yi inbata, kuma gidajen haya da yawa ba su da wayar ƙasa ta kirki, rashin wannan rabuwa ne ke kawo gurnanin nan na 50 Hz da ke hawa kan siginarka. Ƙara ɗan maɓallin rage sauti a layin fita, ka murɗa shi har ma'aunin ALC na rediyo, mai nuna sauti ya yi yawa, ya daina motsi.

Inda ake cutar mutane shi ne kebul ɗin USB zuwa siriyal, wanda zai ba ka layin RTS ɗin. A Computer Village da ke Ikeja ko a Alaba, kwali zai ce guntun da ke cikin kebul ɗin na kamfanin FTDI ne ko Prolific, ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. Jabun Prolific ne ke sa Windows ta nuna Code 10, wato na'urar ta kasa tashi. A 2014 ma FTDI sun saki direban da ya riƙa kashe jabun guntayensu a kwamfutocin mutane. Gara ka nemi mai guntun CH340, ba ya ƙaryar suna, kuma yana aiki. Kada ka biya sai an jona shi a laftof ɗinka a gaban mai shago. Idan ya ce “oga, original ne, babu gwaji”, ka ƙara gaba, shaguna ba su ƙare ba.

Wajen sayen taransifoma ma a je da mitar gwaji (multimeter). Tsakanin ɓangarorin biyu kada mita ta yi ƙara ko kaɗan. Kuma kada ka firgita idan naɗin wayar bai nuna 600 ba, wannan adadin na sauti ne, ba wanda mita ke aunawa ba. Masu kyau sau da yawa a jikin tsofaffin modem na layin tarho suke, wajen 'yan gwangwan, ka cire da dalma a kuɗi kaɗan.