Zanen barkwancin 'yan gem a intanet: wanne ya cancanci datarka?

Zanen barkwanci a kan wasannin bidiyo ya kankama a intanet tun 1998, shekarar da Scott Kurtz ya fara PvP a watan Mayu, Jerry Holkins da Mike Krahulik kuma suka fara Penny Arcade a watan Nuwamba. Daga nan ɗaruruwa suka biyo baya, galibinsu da siga ɗaya: samari biyu zaune a kan doguwar kujera, kowa riƙe da hannun gem, ɗaya mai hankali ɗaya wawa, suna musu a kan wasan da ya fito a makon. Na bi rumbunan bakwai daga cikin waɗanda suka yi suna, kuma ma'aunina guda ɗaya ne: a ina dariyar take zaune? Idan tana cikin yadda wasan yake gudana a hannun mai buga shi, zanen zai shekara ashirin bai yi tsami ba. Idan kuwa ambaton sunan wasan ne kawai da zagin kamfanin da ya yi shi, to kafin wata ya zagayo ya zama kunun jiya.

Penny Arcade shi ne babban yaya, kuma shi ya fi wuyar yanke wa hukunci. Holkins ke rubutu, Krahulik ke zane, suna fitowa a matsayin Tycho da Gabe, sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a. Yawanci gida uku ne a jere, wato hoto uku da ke haɗuwa su zama zane ɗaya. Gidan farko ya kafa magana, na biyu ya karkatar da ita, na uku ya sauke. Abin da ya bambanta su da masu kwaikwayonsu shi ne sau da yawa dariyar tana gida na biyu, sai na uku ya zama ɗan saura, kamar mutum ya gama ba da labari ya ƙara wata kalma a hankali. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, kuma ba kowa ke iya ta ba. Zanen ma ya yi nisa. Wanda ya ajiye shafin 1999 kusa da na 2010 zai ga layukan sun saki jiki, fuskoki sun fara miƙewa suna lanƙwashewa gwargwadon abin da ake faɗa, hannuwa sun fara magana.

Matsalarsa ita ce lokaci. Sau uku a mako na nufin wajen zane 150 a shekara, kuma kaso mai yawa a ciki martani ne ga labarin ranar: an ɗage fitar da wani wasa, wani shugaban kamfani ya yi wata katoɓara, an ƙara farashi. Idan ka buɗe na 2003 yau ba tare da ka karanta dogon bayanin da Holkins ke rubutawa tare da kowane zane ba, za ka ga mutum biyu suna fushi a kan abin da ba ka san shi ba. Bayanin nan kuwa Turanci ne mai nauyi, cike da kalmomin da ko Ba'amurke sai ya nemi ƙamus. Zanen da sai an karanta sakin layi huɗu kafin a yi murmushi bai tsaya da ƙafarsa ba, ko da kuwa bayanin ya fi zanen daɗi, wanda sau da yawa haka ne.

Amma idan suka dace, sun dace. A watan Maris na 2004 sun fitar da wani mai nuna koren allo irin na aji, an rubuta lissafi a kai: mutum mai hankali, a tara da ɓoye suna, a tara da 'yan kallo, sakamako shi ne cikakken mara mutunci. Wasan Unreal Tournament 2004 ne ya jawo shi, amma duk wanda ya taɓa shiga wasa da baƙi ta intanet, ko PUBG ne ko Call of Duty a waya, ya ji yaro yana zagin iyayen mutane don ya san ba a ganin fuskarsa, ya fahimci allon nan ba tare da an yi masa bayani ba. Abin da aka kama hali ne na masu wasa, kuma halin bai canza ba.

Akwai kuma na watan Agusta 2010 da ya jawo musu rigima mafi girma. Tushen barkwancin mai kyau ne ƙwarai. A wasanni irin World of Warcraft ana ba ka aiki a ce ka 'yanto bayi biyar. Ka 'yanto biyar, na shida yana roƙonka, amma wasan ya riga ya rubuta cewa ka gama, don haka jarumi ya juya ya tafi. Wannan lura ce ta wanda ya buga wasan da gaske, ya ga yadda lissafi ke mayar da jarumta ta zama cika adadi. Sai dai sun sa bawan ya bayyana azabarsa da maganar fyaɗe, kuma da mutane suka koka, sai suka mayar da martani da ba'a, har suka buga riguna a kan abin kafin daga baya su janye su. Barkwancin ba ya buƙatar wannan kalma ko kaɗan, duk wata azaba da aka ambata za ta yi aikin. Wannan aibi yana bin Penny Arcade a wurare da dama: ashar da batsa suna shigowa inda dabara ta riga ta wadatar. Mai karatu ya sani tun yanzu, ba shafin da za a miƙa wa ƙanana ba ne. Adalci kuma ya sa a faɗa cewa waɗannan mutanen ne suka kafa gidauniyar Child's Play a 2003, mai kai wasanni da kayan wasa asibitocin yara, suka kuma fara PAX, taron baje kolin wasanni, a 2004.

Ctrl+Alt+Del na Tim Buckley, wanda ya fara a Oktoba 2002, shi ne wanda aka fi yin musu a kansa, kuma a ganina masu sukarsa sun fi gaskiya. Siffarsa ta da gida huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa, da Ethan wawa, Lucas mai hankali, da Lilah budurwar Ethan. Aibi na farko yawan surutu. Da'irar magana takan cinye rabin gida, a bayyana barkwancin a gida na biyu, a sake bayyana shi a na uku, a zo na huɗu a faɗa maka dalilin da ya sa abin ya zama abin dariya. Masu karatu sun ƙirƙiro wani gwaji da kowa zai iya yi da ɗan yatsa a kan allon waya: rufe gida na biyu da na uku, ka goge maganar da ke na huɗu a zuciyarka, ka karanta na farko ka kalli na ƙarshe. Sau da yawa abin ya fi ban dariya a haka. Dalili a fili yake, dariya tana son mai karatu ya tsallaka ɗan rami da kansa, idan aka cike masa ramin babu abin da ya rage masa.

Aibi na biyu fuska. Shekaru da dama kusan kowa a zanen yana da ido rabi a rufe da baki rabi a buɗe, ko murna yake ko tsoro, har masu karatu suka riƙa rubuta fuskar da haruffa uku, B^U, waɗanda idan ka karkata kai ka kalle su za ka ga ido da hanci da baki. A zane mai gida huɗu fuska ce ke ɗaukar rabin nauyin barkwanci. Idan ba ta motsi, dole kalmomi su ɗauki komai, kuma daga nan yawan surutun ya samo asali. Aibin biyu uwa ɗaya ta haife su.

Sai ranar 2 ga Yuni 2008, da zanen da ake kira Loss. Gida huɗu, babu kalma ko ɗaya. Ethan ya banko ƙofar asibiti a guje. Yana tsaye gaban ma'aikaciyar karɓar baƙi tana nuna masa hanya. Yana tsaye da likita. A na ƙarshe yana tsaye a gefen gado, Lilah na kwance tana kuka, ta yi ɓari. Ɓari ba abin wasa ba ne, kuma babu laifi mai zane ya taɓo shi. Inda aka samu matsala shi ne wurin da aka ajiye shi da kuma wanda aka sa a tsakiya. Shafi ne da ya saba wa mutane da shirmen Ethan, bai taɓa gina Lilah ta zama mutum mai nata tunani ba, sannan a ranar da abin ya same ta, Ethan ne a gida huɗun duka, ita kuwa gida ɗaya ta samu. Ben Croshaw na Zero Punctuation, shirin sharhin wasannin bidiyo, ya caccaki wannan sauyin a shekarar, Holkins da Krahulik ma sun yi masa ba'a. Daga baya intanet ta mayar da tsarin tsayuwar mutanen ya zama layuka kawai: ɗaya, biyu, biyu, sai ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Buckley ya rufe labarin Ethan na asali a 2012 ya sake sabon zubi, kuma zanensa na baya-bayan nan ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Duk da haka ba zan tura sabon mai karatu rumbun 2002 zuwa 2008 ba.

VG Cats na Scott Ramsoomair, ɗan Kanada, ya fara a 2001 da kyanwoyi biyu, Leo da Aeris. Launi da motsin fuska sun fi na kusan kowa a zamaninsa, amma barkwancin yakan faɗa ƙazanta da zubar da jini, kuma akan yi watanni babu sabo. PvP kuwa tun da wuri ya koma labarin ma'aikatan wata mujallar wasanni, har ya ci Eisner, babbar kyautar masu zanen labarai a Amurka, a 2006, amma wanda ya zo neman maganar gem zai tarar da barkwancin ofis.

Waɗanda suka ci jarrabawata sosai uku ne, kuma babu kujerar samari biyu a cikinsu. 8-Bit Theater na Brian Clevinger ya gudana daga 2001 zuwa 2010, shafi 1,225, an haɗa shi da ƙananan hotunan mutanen wasan Final Fantasy na farko, na 1987. Tun da hotunan ba sa canza fuska sosai, Clevinger ya dogara da hali da lokaci: Fighter mai ƙaunar takobi da ba ya gane komai, Black Mage mugu, Thief mai damfarar abokan tafiyarsa da takardun yarjejeniya, Red Mage da ya ɗauki duniya a matsayin takardar lissafin maki. Shi ma akwai surutu, kuma tsakiyarsa tana jan ƙafa, amma surutun na mutane huɗu ne da kowa ke da muryarsa. Ƙarshensa ya dogara da wata magana da aka jefar tun a shafukan farko, shekara tara kafin nan. Dole a fara shi daga shafi na ɗaya, tsallake ba ya yi.

Concerned na Christopher Livingston gajere ne, 2005 zuwa 2006, an yi shi da hotunan da aka ɗauka a cikin Half-Life 2 ta manhajar Garry's Mod. Gordon Frohman, jarumin zanen, ya iso City 17, birnin da ke cikin wasan, 'yan makonni kafin jarumin wasan, Gordon Freeman, kuma wautarsa ce ke bayyana abubuwan da mai wasa ya gani bai tambaya ba. Me ya sa gangunan da ke fashewa suka cika birnin ko'ina? Frohman ne ya yi odarsu bisa kuskure. Wanda bai buga wasan ba zai rasa rabin daɗin, amma wanda ya buga zai ga an amsa masa tambayar da ta daɗe a ransa.

Wanda na fi ba da shawara a fara da shi shi ne Awkward Zombie na Katie Tiedrich, tun 2006, sau ɗaya a mako, ranar Litinin. Ta fi taɓa wasannin Nintendo, irin su Zelda da Pokémon da Fire Emblem da Super Smash Bros. Dabararta ɗaya ce kuma ba ta gajiya: ta ɗauki wata doka ta wasan da mai bugawa ya saba da ita har ya daina ganinta, ta sa mutanen cikin wasan su rayu da ita kamar gaskiya ce. Wasannin nan cike suke da irin wannan, jarumin da ke shiga gidan mutane ya farfasa tukwane yana neman kuɗi, takobin da ke karyewa bayan an yi sara adadi kaza, jakar da ke ɗaukar keke amma mai ita yana tafiya kamar ba komai. Kalmomi kaɗan ne, gida na ƙarshe sau da yawa fuska ce kawai, kuma fuskar tana aiki. Babu batsa sosai, babu labarin kamfani da zai tsufa. Sau ɗaya a mako ya ba ta damar jira sai ta sami abin faɗa, saɓanin mai cika gurbi uku.

Ga mai karatu a waya, siffar shafi tana da tasiri. Penny Arcade a kwance ake zana shi, don haka wani lokaci sai ka juya wayar kafin rubutun ya karantu. Tsohon Ctrl+Alt+Del da 8-Bit Theater suna buƙatar a riƙa buɗa hoto da yatsu biyu saboda ƙanƙantar haruffa, abin da ke kashe saurin barkwanci, don idonka yakan faɗa gida na ƙarshe kafin lokaci. Awkward Zombie ya fi sauƙin bi da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa. Duka bakwai ɗin da Turanci suke, kuma sun ginu a kan wasannin da aka fi bugawa a Amurka, don haka wanda ya taso a gidan gem yana buga PES da Mortal Kombat zai ga ƙwallo ba ta da wani gurbi a cikinsu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi zanen da aka yi a kan wasan da ka taɓa bugawa har ƙarshe, ka karanta goma a jere. Idan uku daga ciki suka sa ka tuna wani abu da ya faru da kai riƙe da hannun gem, ci gaba da wannan rumbun. Idan duk goman sunaye kawai suka kira maka, rufe shafin ka gwada na gaba.