Pontiac Vibe ta 2005: injin na Toyota ne, amma ba kome ne nata ba

Ban shiga kasuwa da niyyar sayen Pontiac ba. Toyota Matrix nake nema, saboda iyali sun ƙaru kuma ƙaramar motar da nake hawa ta daina ɗaukarmu da kayanmu, sai dillalin ya nuna mini wata Vibe ta 2005 mai giyar otomatik, 'yar Kwatano, wadda kuɗinta ya ɗan sauka a kan na Matrix ɗin da ke kusa da ita. Kowa ya san yadda farashin mota yake a yanzu, don haka wannan ɗan ragin ba abin rainawa ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan. Kamfanin General Motors ya daina fitar da motoci da sunan Pontiac tun 2010, kuma duk wanda na yi wa maganar a gida tambaya ɗaya yake yi mini, wato wane ne zai gyara motar Amurka a Kano, kuma ina za a samu kayan gyaran motar da masu ita suka riga suka rufe littafinta.

Na ce ba zan biya ko kwabo ba sai bakaniken da nake hulɗa da shi tun da daɗewa ya duba ta, kuma abin da ya faru a garejinsa shi ne dalilin wannan sharhi. Yana ɗaga bonet sai ya yi dariya, ya kira yaransa su zo su gani, sannan ya juyo ya ce mini, "Alhaji, ai wannan Corolla ce ta sauya riga." Ya nuna mini tambarin Toyota da na Denso, kamfanin da ke yi wa Toyota sassan mota, a jikin sassa da dama, ya ce injin shi ne 1ZZ mai lita 1.8, wanda yake kwancewa yana ɗaurewa kusan kowane mako a cikin Corolla da Matrix, mai sarƙa a madadin bel ɗin tayimin, kuma giyar ma ta Toyota ce. Ya shiga ƙarƙashinta ya duba ƙafafu da birki, ya fito yana kakkaɓe hannu ya ce babu abin da bai sani ba a wurin. Na tambaye shi, "Malam, ka tabbata ba za ta zame mini kayan ado a ƙofar gida ba?" Ya ce in ta gagare shi gyara, to Corolla ma ta gagare shi. A ranar na biya kuɗin, kuma farin cikin da na yi ya wuce na samun mota kawai, domin ji na yi kamar na gano wani sirri da sauran masu saye suka tsallake saboda tsoron tambarin da ke hancinta.

Daga baya na bi diddigin yadda aka yi haka, na tarar ashe lamarin tsohon ƙawance ne. A 1984 General Motors da Toyota suka buɗe masana'antar haɗin gwiwa mai suna NUMMI a garin Fremont na jihar Kalifoniya. Amurkawan na son koyon yadda Japanawa ke ƙera ƙananan motoci masu ƙarko, su kuma Japanawan na son fara ƙera mota a cikin Amurka a lokacin da aka taƙaita yawan waɗanda ake shigowa da su daga Japan. A can aka ƙera Chevrolet Nova da Geo Prizm, waɗanda duk dangin Corolla ne, kuma a can aka fara ƙera Vibe a 2002, yayin da 'yar'uwarta Matrix take fitowa daga masana'antar Toyota da ke Cambridge a ƙasar Kanada. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, an riƙa ɗaukar ita wannan Vibe ɗin a mayar da sitiyarinta dama, a manna mata tambarin Toyota, a kai ta Japan a sayar da sunan Voltz. Da General Motors ya faɗa cikin matsalar kuɗi a 2009 sai ya janye daga haɗin gwiwar, aka daina ƙera Vibe a shekarar, masana'antar ta rufe a 2010, Tesla kuma ya saye ta.

A watannin farko ban ga abin kushewa ba. Filtar mai, filogi, takalmin birki, duk abin da na nema a kasuwar Ƙofar Ruwa sai in ce na Corolla ko na Matrix, a miƙo mini, a ɗaura ya zauna daram. Har na koyi daina ambaton Pontiac a bakin shago, domin na lura wasu da sun ji sunan baƙuwar mota sai kuɗin kaya ya tashi alhali kayan bai canza ba. Ba ta shan mai fiye da ƙima, bayanta kuma yana da shimfiɗar roba mai tauri wadda take ɗaukar buhun hatsi ba tare da an damu da yagewar kafet ba. Akwai ma soket irin na gida a gabanta, sai dai na wutar Amurka ne mai ƙarfin volt 115, saboda haka ban taɓa moriyarsa sosai ba. Na yi ta tallata motar a wurin aiki har wani abokina ya fara neman irinta.

Sai zafin bazara ya kama, esi ya daina sanyi. Ban ga laifin motar ba, domin kwampireson da ya yi shekara kusan ashirin yana aiki ya sauke nauyin da ke kansa. Wanda nake jin haushinsa har yau shi ne mai shagon da na je wurinsa. Na faɗa masa sunan motar da shekararta dalla-dalla, ya ɗauko kwampireson Matrix ya ajiye a gabana, ya yi ta rantsuwa cewa duk ɗaya ne, ko makaho ya san Vibe da Matrix uwa ɗaya uba ɗaya suke. Na biya kuɗi masu nauyi na kai wa mai gyaran esi, mutumin ya jujjuya shi ya gwada, ya ce bakin bututun bai dace ba, kuma ko an yi dabara an ɗaura, bel ɗin ma ba zai zo daidai ba. Ashe ɓangaren sanyaya da ɗumama mota yana cikin wuraren da motocin biyu suka rabu, kwampireso da bututunsa da dogon bel ɗin da ke juya shi duk na Vibe daban ne da na Matrix. Na mayar da kayan a ranar, ko mai bai taɓa shi ba, mai shagon ya ce shi ba ya karɓar kayan da ya bar shagonsa, sai dai in bar shi in ya sayar ya ba ni kuɗina. Mutumin da ya rantse mini da safe shi ne ya juya mini baya da la'asar. Haka na yi ta yawo da yara a cikin mota gilashi a sauke, ƙura da zafi suna dukanmu, har aka samo wanda ya dace daga kasuwar Ladipo ta Legas, na sake biyan kuɗin kaya da na mota da na aiki.

Tun daga nan sha'awata ta ɗan ja baya, kuma ba a daɗe ba wani mai adaidaita sahu ya goge ni a baya ya fasa fitila ɗaya. A nan ne na ƙara sanin iyakar zumuncin. Fitilu, bamba, bonet da yawancin ƙarfen jiki ba sa shiga tsakanin Vibe da Matrix, tunda ta nan ne kowane kamfani ya bambanta tasa don kada mai saye ya ga mota ɗaya a shago biyu. Na Matrix suna nan birjik, na Vibe kuwa sai an jira an yanka wata an kawo, kuma mai shi ya san ba ka da zaɓi, don haka yadda ya ga dama yake yanka kuɗi. Ragin da na samu wurin dillali, tsakanin kwampireso da fitila ya koma inda ya fito.

Wannan ɗabi'a ta kamfanoni su raba mota ɗaya kowa ya sa sunansa ba baƙuwa ba ce a titunanmu, ko da ba mu cika kula ba. Sharan ɗin Volkswagen da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, da Ford Galaxy ta farko, da SEAT Alhambra, duk daga masana'anta ɗaya suka fito a ƙasar Fotugal tun daga tsakiyar shekarun 1990, kuma direbobin tasha sun fi kowa sanin abin da ke shiga tsakaninsu da abin da ba ya shiga, musamman da yake wasu Galaxy ɗin injin Ford ne a cikinsu. Sabuwar Toyota Starlet da aka fara sayarwa a Afirka a 2020 kuwa Suzuki Baleno ce da ake ƙerawa a Indiya, wato a wannan karon Toyota ce ta ari motar wani. A ganina babu aibu a cikin hakan, kamfani ya rage kuɗin ƙira, mai saye kuma wani lokaci ya samu inji mai kyau a farashi mai sauƙi. Abin da ke cutar da mu shi ne masu sayar da kaya da suka haddace rabin labarin, suna cewa duk ɗaya ne a kan kowane ƙusa, alhali sun san ba su taɓa gwadawa ba.

Har yanzu ina hawan motar kuma injinta bai taɓa ba ni kunya ba, amma na daina tallata ta ba tare da sharaɗi ba. Abokin nan nawa da ke neman irinta na gaya masa ya gwada esi sosai kafin ya biya, ya tabbatar fitilu da bamba lafiyarsu ƙalau, ya kuma duba lambar shasi, domin ta Vibe da 5Y2 take farawa, ta Matrix kuwa da 2T1. Ni kuma yanzu ba na zuwa sayen kome sai da tsohon kayan a hannuna, a ɗora shi kusa da sabon a gaban mai shago kafin in zaro kuɗi. Kwampireson Matrix ɗin nan yana can a kan kantar mutumin, kullum na aika sai ya ce kasuwa ce ba ta yi ba tukuna.