Aikin mai fulawar da ya sauya wa yukata tukunya

Shukar ado da ake kira yuka guda biyu gare ni, irin mai kaurin gindi da masana ke kira Yucca gigantea, wadda asalinta daga Meksiko da Amurka ta Tsakiya take. Ta falo saiwarta ta fara leƙowa ta hudar tukunya, kanta kuma ya fi ƙarfin robar da take ciki, ko labule ya taɓa ta sai ta karkace. Ta baranda kuwa so nake a mayar da ita ƙasa a tsakar gida. Sai na ɗauko ɗaya daga cikin masu sayar da fulawa a bakin titi a nan Kaduna.

Abin da ya fara burge ni shi ne ya ƙi sayar mini da ƙatuwar tukunyar da na nuna, duk da ta fi tsada. Ya ce: "Hajiya, wannan ba ta son gata. Tukunya in ta yi girma, ƙasa za ta riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe." Ya zaɓi ta ƙasa mai nauyi, wadda ta ɗara tsohuwar da kamar santimita 5 a faɗi, ya ɗaga gindinta sama ya nuna mini hudar.

Cirewar ma da natsuwa ya yi ta. Ya kwantar da tukunyar, ya bubbuga gefenta, shukar ta zamo da ƙasarta dunƙule, saiwoyi sun nannaɗe juna kamar taliya. Da yatsu ya warware su, ya yanke 'yan baƙaƙen da suka yi laushi, masu ƙwari kuma ya bar su. Haɗinsa yashin rafi ne mai tsakuwa da baƙar ƙasa, sai ɗan busasshen takin shanu, kaɗan sosai. Bai binne gindin ya wuce inda tsohuwar ƙasa ta tsaya ba. Ya ce a ba ta 'yan kwanaki kafin ruwa, bayan haka kada a ƙara sai saman ƙasar ya bushe. Tun da na samo ta ba a taɓa sauya mata mazauni ba, shi kuma ya ce duk shekara 2 ko 3 ya isa. Yanzu ta yi sabon toho, tana tsaye ƙyam.

A tsakar gida ne ya ba ni haushi. Ramin ya yi kyau, mai faɗi, ya kuma ɗan tada wurin don kada ruwan damina ya kwanta. Amma shukar da ta saba da inuwar baranda ya ɗauke ta ya dasa a tsakiyar ranar Maris, ba tare da an saba mata da hasken a hankali ba. Ganyayen sama suka ƙone, suka yi fari-fari sannan suka bushe. Da na kira shi, amsarsa ita ce za ta farfaɗo. Ta farfaɗo ɗin, amma ganyen da ya ƙone ba ya komawa kore, sai da na bi su da almakashi. Bai kuma ce uffan ba game da magen gidan, alhali ganyen yuka na sa mage da kare amai in suka tauna.

Kuɗin aikin bai yi yawa ba, ya kuma share wurin kafin ya tafi. Aikin tukunya zan sake kiransa. Na dasawa a ƙasa kuwa, sai an shiga damina, kuma ina tsaye a kansa.