Batirin lithium na sola, aiki dai ba laifi amma kuɗin fa

Masu tambaya kan batirin lithium ɗin nan 48V 100Ah, mai wajen 5kWh, irin LiFePO4, ga abin da na gani. Ya fi batirin tubula, irin mai ruwan acid ɗin nan, nesa ba kusa ba wallahi. Babu zuba ruwan batir, babu warin acid a ɗaki, kafin la'asar ya cika taf in akwai rana, da dare kuma firji da fankoki biyu da talabijin yana kai su har asuba, ga ɗan allo a gabansa kana ganin kashi nawa ya rage.

Inda yake da matsala zafi ne. Lokacin bazara in ka ajiye shi ɗakin kwano mara silin sai BMS ɗin, wato na'urar cikinsa mai kula da lafiyar batirin, ya yanke wuta da tsakar rana, ka zaci lalacewa ya yi alhali kare kansa yake.

Sai kuɗi, nan ne kai ke ciwo. Mai shagon ya ce da dala yake sarowa daga Chana, kuma gaskiyarsa ne, Ostireliya ce ta fi kowa haƙo lithium amma Chana ke tace mafi yawansa, sel ɗin LiFePO4 kuwa, wato ƙananan batiran da ake haɗawa a cikin akwatin, kusan duk can ake yi, shi ya sa Amurka da Turai suka tashi haiƙan suna neman ma'adinan nan ta wasu hanyoyi, balle da Chana ta sa takunkumi a 2023 kan fitar da ma'adinin graphite, wanda shi ma ke cikin batiran nan. Abin haushin ma dutsen lithium ɗin muna da shi a Nasarawa da Kwara, har wani kamfanin Chana ya buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa a 2024, amma batirin sai ya tsallako teku mu saya da tsada.

Abu ɗaya da ya ɗan kwantar min da hankali, wannan nau'in babu ma'adinin cobalt a ciki, wanda kusan kashi 70 nasa daga Kwango yake fitowa har da ramukan da yara ke shiga.

In za ka saya, tabbatar inbatarka tana karɓar lithium, sannan ka sa a rubuta maka garanti a rasit, don akwai masu cusa tsofaffin sel cikin sabon akwati.