Kafin ka sayi kayan auna ɗan idon ɓera a binciken sikizofireniya

Ɗan ido, wato baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido, jijiyoyi iri biyu ne ke juya shi ba tare da sanin mai shi ba: ɗaya na tsuke shi in haske ya yi yawa, ɗaya na buɗe shi in an firgita ko an tattara hankali. Shi ya sa masu ba ɓeraye magungunan MK-801 ko ketamin don kwaikwayon alamomin sikizofireniya, wata cutar taɓin hankali, suke zuba wa ɗan idon ido.

Mu fara da kyamara. Ta ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi marar matatar hasken infirared, wato hasken da ido ba ya gani, tana da araha, kuma in tsukewar ido ga haske kaɗai za ka auna, ta wadatar. Kyamarorin masana'antu irin na Basler ko FLIR sun fi tsada, amma suna karɓar sigina daga waje, don haka kowane hoto yana da lokacinsa daidai da ƙarar da aka kunna ko bugun zuciyar da aka naɗa. A nan nake ganin kuɗi ya cancanci fita. Hoto mai kyau wanda ba ka san takamaiman lokacinsa ba, wahala kawai zai ja maka ranar nazari.

Fitila ta zama ta infirared, mai tsawon zangon haske nanomita 850 ko 940, domin ɓera ba ya ganinta. Shuɗin haske wajen nanomita 480 kuwa shi ne ke tayar da ƙwayoyin ido masu melanofsin, sinadarin da ke jin haske, ka ajiye shi don gwaji kawai.

Manhaja ba sai ka saya ba. DeepLabCut da Facemap kyauta ne.

Waɗannan jijiyoyi iri biyu suna juya bugun zuciya ma, kuma auna zuciyar ce ta fi buƙatar shawara. Ta ɓera tana bugawa sau 500 zuwa 700 a minti. Na'urar kamfanin DSI da ake dasawa a jiki tana naɗa bugun dare da rana ɓeran yana yawonsa, sai dai akwai tiyata da kwanakin jinya. Na'urar ECGenie kuwa ta tafin ƙafa take ɗauka, ba yanka, amma na ɗan lokaci ne, kuma taɓa dabbar ma yana ɗaga bugun. In kana gwada kulozafin, maganin sikizofireniya wanda shi kansa yana taɓa waɗannan jijiyoyi, ni dai ta dasawa zan zaɓa.

Duk tsarin da ke buƙatar sa ɓera barci da isofuluren kafin a auna, ka bar shi, domin maganin yana sauya girman ɗan idon da kake son gani.