Sharhi: Tafiyar hunturu a kogin Dee da ƙungiyar kwale-kwale ta jami'a

A watan Disamba na bi ƙungiyar kwale-kwale ta jami'armu zuwa Llangollen, a arewacin Wales, tare da sauran sababbin shiga. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma akwai gyara, kuma gyaran duk a kan sanyi yake.

Kuɗin da muka biya ya haɗa da mota, makwanci da aron kaya: kwale-kwalen kayak na mutum ɗaya, filafili mai baki biyu, hular kwano, rigar ceto, rigar roba mai ɗame jiki, da wani siket na roba da ke rufe bakin kwale-kwalen don kada ruwa ya shiga. Ɗalibi ba zai iya sayen wannan duka da kansa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su kai kowa kogi ba sai da ya je wurin ninƙaya na jami'a ya koyi fita daga kwale-kwale idan ya kife. Za a kifar da kai da gangan, ka lalubi madaukin siket ɗin, ka ja, ka fito. A bakin kogi kuma suka maimaita dokar da ba a wasa da ita: in ka faɗa ruwa mai gudu, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, domin ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne ka. Ka kwanta rigingine, ƙafafunka suna gaba, ka jira a jefo maka igiyar ceto.

An kasa ruwan kogi mataki shida gwargwadon haɗarinsa. Mu a mataki na 2 aka ajiye mu, wajen Mile End Mill, inda muka koyi shiga lungun da ruwa ke kwanciya a bayan dutse, mu huta, sannan mu sake fita. Wurin da ake kira Serpent's Tail, wanda yake tsakanin mataki na 3 da na 4, ƙasa da madatsar Horseshoe Falls da injiniya Thomas Telford ya tsara don shayar da magudanar Llangollen, tsofaffin hannu kaɗai suka bi. Mu muka tsaya a kan dutse muna kallon yadda biyu daga cikinsu suka riƙe igiyoyin ceto kafin kowa ya gangaro. Wani yaro ya nace sai ya gwada, jagorar ta ce masa a'a cikin ladabi, ba ta kuma sauya magana ba. Daga nan hankalina ya kwanta da su.

To, sai sanyi. Wanda ya saba da hunturun Jos ko Kano kada ya ɗauka ya san abin. Ruwan Dee daga tafkin Bala da tsaunukan kewaye yake gangarowa, kuma duk wanda ya kife, numfashinsa kan sarƙe a minti na farko ko da ya iya iyo. An faɗa mana wannan, na yaba. Abin da ba a tanada ba shi ne hannaye. Ƙungiyar ba ta da safar hannu ta aro, kafin azahar yatsun yawancinmu sun daskare har riƙe filafili ya zama aiki. Wasu rigunan robar kuma sun tsufa, sun yage a gwiwa. Sannan mun makara wajen shiga ruwa, alhali rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, sai aka yi ta gaggawa, muka sauya kaya a filin ajiye motoci cikin iska. Wata baiwar Allah da ta kife tun da wuri ta daɗe tana rawar ɗari kafin a kai ta mota. Wannan bai kamata ba, ƙaramin tanti da shayi mai zafi a bakin ruwa sun isa su magance shi.

Ga ɗan'uwa Musulmi, azahar da la'asar da magariba suna matse da juna a wannan lokaci, don haka ka sanar da jagora tun da safe. Ni da na yi magana sun tsaya mini ba tare da ɓata rai ba, kuma sun tambayi abin da ba na ci kafin su yi cefane. Ka tafi da safar hannu ta roba, hular ulu, busassun kaya a leda da fulas ɗinka. Ni kam na riga na sa sunana a tafiyarsu ta gaba.